Rabin Amrish Puri Muka Saya

A zamanin da ake cika Plaza da Marhaba da Eldorado da Orion don kallon fim ɗin Indiya, tambaya biyu mutum ke yi kafin ya yanki tikiti: wane ne akta, wane ne bos. Ba a tambayar darakta, balle wanda ya rubuta labari. Mu da muka ci abinci a wannan sana'a a Kano, tun daga ɗaukar gwangwanayen fim zuwa ɗakin majigi, zuwa shagon kaset, har aka zo zamanin fassara da ɗora murya, mun san tambaya ta biyu ta fi ta farko tasiri a aljihu. Kowa ya san akta zai yi nasara. Abin da ɗan kallo ya biya kuɗi ya gani shi ne baƙar wuyar da aktan zai sha kafin nasarar, ita kuwa a hannun bos take. In bos ya zama lusari, tun ba a je ko'ina ba za ka ji 'yan benci sun fara fito suna zagin mai majigi, sai ka ce shi ya shirya fim ɗin.

Daga farkon shekarun 1980 har mutuwarsa a 2005, ban ga wanda ya riƙe wannan gurbi kamar Amrish Puri ba. In dai fuskarsa na jikin fasta, da idanun nan a waje, ba a fargabar kwantai. Sai dai rabinsa muka saya muka sayar wa jama'a. Mutumin ya yi fim sama da 400, a harsunan Indiya da dama har da Turanci, kuma da yawa daga ayyukan da suka fi nuna gwanintarsa ba su taɓa hawa allon silimarmu ba. Waɗanda suka iso ɗin ma mun kalle su ne muna jiran ya yi mugunta.

Gurbin bos yana da nasa tarihin. Duk abin da ke ci wa Indiyawa tuwo a ƙwarya a wani zamani, shi ake ɗinka wa riga a kira shi mugu. A shekarun 1950 mai ba da bashi da ruwa ne, da mai manyan gonaki. Sukhilala na cikin Mother India, fim ɗin 1957 da iyayenmu suka haddace, ba shi da bindiga; littafin bashi gare shi, da shi ya lamushe gonar Radha, uwar da ke cikin labarin. Kanhaiyalal ne ya yi wannan fitowa, kuma shi ɗin ne ya yi ta tun a Aurat na 1940, wanda Mehboob Khan ya sake ɗauka ya zama Mother India. A fina-finan birni K. N. Singh ne, da kwat da taba, yana magana ƙasa-ƙasa. Daga nan Pran ya karɓa ya daɗe yana yi, har ya nuna cewa wanda jama'a suka saba tsana zai iya sa su hawaye: a Upkar na 1967 ya fito a gurgu mai faɗin gaskiya, a Zanjeer na 1973 ya fito a Sher Khan mai jan gemu, wanda ya fara da dambe da Amitabh ya ƙare a amininsa. A shekarun 1970, da gwamnatin Indiya ta matse shigo da zinare da kayan waje, bos ya koma ɗan fasa-ƙwauri mai yara da ke jiran jirgin ruwa cikin dare. Ajit ne sarkin wannan layi, kuma cikin masu take masa baya akwai Madan Puri, wanda ya yi Samant a Deewaar. A 1975 Amjad Khan ya zo da Gabbar a Sholay, ya ajiye kwat, ya dawo da ɗan fashin daji mai dattin haƙora wanda ke ƙyaƙyata dariya kafin ya harbe yaransa.

Duk wannan bidiri da ake yi, ƙanen Madan Puri yana zaune a ofis yana cike takardu. An haifi Amrish a 1932 a Nawanshahr ta Punjab. Ya bi yayyensa Chaman da Madan zuwa Bombay a shekarun 1950 da niyyar zama jarumi, aka gwada shi gaban kyamara aka ce bai yi ba. Sai ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, ya yi wajen shekara 20 a can. In an tashi daga ofis sai ya zarce wurin wasan daɓe. Ya koyi aiki a hannun Ebrahim Alkazi, sannan ya daɗe tare da Satyadev Dubey, mutumin da aka sani da tsanani wajen horar da 'yan wasa, suna yin wasannin Girish Karnad da Vijay Tendulkar da Mohan Rakesh. Lambar yabon da Sangeet Natak Akademi ta ba shi a 1979 ta wasan daɓe ce. Ƙananan fitowarsa na farko a fim, a Prem Pujari na 1970 da Reshma Aur Shera na 1971, sun zo yana dab da shekara 40, lokacin da wasu jarumai ke fara rina furfura.

Wanda ya taɓa aiki da 'yan wasa ya san bambancin ɗan daɓe da wanda kyamara ta raina. Ɗan daɓe ya saba da mutumin kujerar ƙarshe, ya san yadda zai aika masa magana ba tare da ya yi ihu ba, ya kuma san tsayuwa cik ita ma aiki ce. Na ƙara ganin haka da ido da aka zo zamanin ɗora murya, inda zanen sauti ke fitowa a fuskar kwamfuta. Na yawancin bosawa tsini-tsini ne, hawa da gangara. Na Amrish kauri gare shi, a kwance yake, da giɓi tsakanin kalmomi. A cikin giɓin nan yake kafa wa abokin magana ido, ya bar shi ya tsorata kansa da kansa.

Waɗanda suka fara morar wannan horo ba manyan furodusoshin Bombay ba ne. Girish Karnad ya sa shi a Kaadu, fim ɗin harshen Kannada na 1973, sannan Shyam Benegal ya riƙe shi. A Nishant na 1975 Amrish ne babban wa a gidan masu ƙasa a wani ƙauyen Telangana. Ƙannensa biyu suka sace matar malamin makaranta, wato Shabana Azmi, saboda autansu, Naseeruddin Shah, ya ƙyalla ido ya gan ta. Babban wan ba ya buƙatar ɗaga murya. Kasancewarsa a gidan ita ta sa ɗan sandan ƙauyen yake kame-kame, ita ta sa mutanen gari suna gani aka tafi da matar ba wanda ya motsa. Ga wanda ya san yadda iko ke aiki a karkara, wannan ya fi Gabbar ban tsoro. Gabbar a duwatsu yake ɓoye, wannan kuwa a tsakiyar gari yake, ana gaishe shi a durƙushe.

Shekara ɗaya bayan nan aka yi Manthan, fim ɗin da manoma da makiyaya 500,000 na jihar Gujarat suka haɗa rupi bibbiyu aka shirya. Nan ya fito a Mishra, mai kamfanin madara da ke saye a wulaƙance yana kuma ba da bashi, mutum mai fara'a da daɗin baki. Da likitan dabbobi ya zo kafa wa masu nono ƙungiya, makamin Mishra takarda ce: ya sa wata matalauciya, Smita Patil, ta dangwala yatsa a kan ƙarar ƙarya da ta ɓata sunan likitan. A Bhumika na 1977 attajiri ne mai natsuwa da ya ɗauki 'yar fim ya kai ta gidansa, ya mutunta ta, ya bar mata ragamar gida, sai dai ƙofar waje ce ba za ta taka ba. Govind Nihalani, wanda a da shi ke riƙe wa Benegal kyamara, da ya fara ba da umarni a 1980 da Aakrosh, ya ba shi lauyan gwamnati da ya fito daga ƙabilar da ake zalunta, ya yi karatu ya hau, yanzu kuma shi ke neman a hukunta ɗan ƙabilar tasu. Om Puri ne wanda ake tuhuma. Ba su haɗa jini ba, suna ne ya zo ɗaya, duk da yawan musun da aka sha yi a kan haka a shagunan kaset.

Waɗannan fina-finai ba su zo mana ba, dalilin kuwa na kasuwa ne. Masu shigo da fim, Kwarori da Indiyawa, sun san abin da ke cika silima: waƙoƙi, faɗa, da uwa mai kuka. Fim ɗin da babu rawa, mutane na magana a hankali cikin harshen da ba ma ji, ga shi babu fassara, wa zai zauna masa a fili babu rufi cikin sanyin hunturu? Sai da tauraron ɗan'adam da faifan CD da intanet suka zo sannan irinmu muka gan su, gashi ya riga ya yi fari.

Hum Paanch na 1980, fim ɗin farko da Boney Kapoor ya shirya, shi ya shigar da Amrish babbar kasuwa. Mai ƙasan da ya fito a ciki ɗan'uwan na Nishant ne, gishiri kawai aka ƙara masa. Daga nan abin ya ɓalle. Subhash Ghai ya tsayar da shi gaban Dilip Kumar a Vidhaata na 1982, a shekarar Ramesh Sippy ya sa shi tsakanin Dilip Kumar da Amitabh a Shakti, a 1983 ya zama Pasha a Hero. A 1982 ɗin dai ya yi gajeriyar fitowa a Gandhi na Richard Attenborough, a matsayin Khan, abokin gwagwarmayar Gandhi a Afirka ta Kudu. Sai Steven Spielberg ya ɗauke shi ya fito a Mola Ram, bokan da ke zaro zuciyar mutum da hannu, a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984. Gwamnatin Indiya ba ta yarda a ɗauki fim ɗin a ƙasarta ba saboda yadda ya zana Indiyawa, aka koma Sri Lanka, kuma a ganina suna da gaskiya, fim ne mai raina mutane. Ribar da Amrish ya tsira da ita daga ciki ita ce askin tal-kwabo. Don wannan fitowa ya aske kansa, bai kuma sake tara suma ba. Ga mai yi wa 'yan wasa kwalliya wannan garaɓasa ce, domin kan da babu gashi kowace hular gashi aka ɗora masa za ta zauna daram. Shi ya sa kamanninsa ke sauyawa daga fim zuwa fim fiye da na tsaransa: yau gardin maciji mai dogon gashi a Nagina yana busa wa Sridevi, gobe attajiri mai kwat.

Sai Mogambo. Mr. India ya fito a 1987, Shekhar Kapur ya ba da umarni, labarin kuma na Salim da Javed ne. Fim ne na marayu da wata na'ura mai aikin layar zana, a can gefe kuma ga Amrish a Mogambo, shugaban mugaye, a tsibirinsa, da gashi ruwan zinare da rigar ado irin ta janar. A kalli hannunsa: yatsu cike da zobba, yana ƙwanƙwasa su a kan dunƙulen hannun karaga, tun bai yi magana ba ka san halin da ransa ke ciki. Ya umarci sojojinsa su faɗa ramin ruwan da ke narkar da mutum, suka faɗa, don kawai a ga irin biyayyar da ake yi masa. Kalmomi uku yake maimaitawa in ransa ya yi fari, amma kowane karo da muryar da yake faɗinsu. A dararen da muke haska fim ɗin, kafin ya buɗe baki 'yan kallo sun riga shi. Sunan ya fita daga silima ya shiga gari, aka rinƙa laƙaba shi ga malamin makaranta mai bulala da mai gidan haya marar uzuri.

Ban raina Mogambo ba. Yin irin wannan fitowa ba tare da ta zama shirme ba sai gwani, kuma wanda ya ga General Dong na Tahalka, inda aka nemi maimaita abin a 1992, ya ga yadda take lalacewa ko a hannun Amrish ɗin kansa. Amma Mogambo ba shi da jiya, ba shi da dalili. In muguntarsa ake so a gani ta yi nauyi, a nemi lauyoyinsa biyu. A Meri Jung na 1985 Thakral ya san mutumin da ke gabansa ba shi da laifi, ya kai shi ga igiya don kada a ce ya faɗi shari'a. A Damini na 1993 Chaddha, mai yawan wurga gashin goshinsa baya, ya tsayar da matar da ta ga an yi wa 'yar aikin gidan mijinta fyaɗe, yana yi mata tambayoyin tozarci a gaban alƙali har ta zama kamar ita ce mai laifin. Babu bindiga a hannun ko ɗaya cikinsu, doka ce da iya magana.

A talabijin fitowarsa ba ta da yawa, amma akwai guda da ta wadatar. A 1988 gidan talabijin na gwamnatin Indiya, Doordarshan, wanda a lokacin ba shi da kishiya, ya nuna Tamas na Govind Nihalani, daga littafin Bhisham Sahni kan rikicin raba Indiya da Pakistan a 1947. Labarin ya fara da wani talaka, Om Puri, da aka biya ya kashe alade bai san dalili ba. Gari na wayewa aka tsinci mushen a ƙofar masallaci, wuta ta tashi. An kai ƙara har kotun ƙoli don a hana nunawa, kotu ta ƙi. Amrish ya fito a Teja Singh, dattijon 'yan Sikh da suka taru a wurin ibadarsu an yi musu ƙawanya. Ya tsaya da gemu da rawani yana tuna musu jinin kakanni, muryar nan ta cika ɗakin, kana kallon yadda tsoro ke juyewa ya zama shauƙin mutuwa a fuskokin jama'a. Ƙarshenta matan suka bi juna suka faɗa rijiya, wasu da 'ya'ya a hannu. Teja Singh ba mugu ba ne, amma ba ka iya wanke shi. Duk wanda rikicin addini ya taɓa cin garinsu ya san wannan dattijo, kuma ya san kowane ɓangare da nasa.

Inda na fi son a auna Amrish Puri shi ne wajen fitowa a uba. Ya fara tun a Ardh Satya na 1983, ɗan sanda mai dukan matarsa, wanda ya tilasta wa ɗansa barin burin ƙarin karatu ya sa kaki. Fitowar ba ta da tsawo, amma duk dukan da ɗan ya yi wa wani a caji ofis daga baya, hannun uban kake gani. Bayan shekara 10 Priyadarshan ya sake ba shi kaki a Gardish, wanda aka ɗauko daga Kireedam na harshen Malayalam, sai ya juya mutumin ciki ya koma waje. Ƙaramin ɗan sanda ne mai gaskiya, burinsa ɗaya a duniya, ɗansa Jackie Shroff ya zama sufeto. Wata rana ɗan ya tarar da wani ƙasurgumin ɗan daba yana dukan uban a bainar jama'a, ya shiga ya kwantar da shi. Daga ranar unguwa ta naɗa yaron sabon dodo, 'yan kasuwa suna jin tsoronsa, 'yan iska suna cin abinci da sunansa, shi kuwa bai nemi ko ɗaya ba. Uban yana gani ɗansa na zamewa, kuma duk abin da ya yi don ya riƙo shi sai ya ƙara tura shi. A ƙarshe uban ne da bakinsa ya ba da rahoton cewa ɗansa bai cancanci aikin ɗan sanda ba. Mutumin da ya saba cika allo da murya, a nan ƙanƙantar da kansa ya yi, kafaɗa a sauke, tafiya irin ta wanda ya shekara yana sara wa na gaba. A wurina babu fitowarsa da ta kai wannan, kuma a shagonmu kaset ɗin bai yi rabin kasuwar Karan Arjun ba.

A 1991 Indiya ta buɗe kasuwarta, fasa-ƙwaurin zinare ya rage armashi, Indiyawan Landan da Amurka suka zama masu sayen tikiti mafi tsada. Fim ya koma gidan biki, abin da ke raba yaro da yarinya ya tashi daga bindiga ya koma alkawarin uba. Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 da Amrish aka buɗe shi, yana watsa wa tantabaru hatsi a Landan, ɗan ƙaramin kanti gare shi, zuciyarsa na Punjab. Da wani aka ba wannan fitowa ta Baldev Singh, da a azzalumin uba zai yi shi. Amrish ya yi shi a mutumin da ke tsoron baƙuwar ƙasa ta cinye masa 'ya'ya, kuma labarin ya ba shi hujja: yaron nan da ke son 'yarsa shi ne ya taɓa yi masa ƙaryar neman magani ya sa ya buɗe kanti bayan ya rufe, ashe giya ya zo saye. Wayon darakta Aditya Chopra shi ne ya ari tsoron da 'yan kallo suka shekara 15 suna tarawa. Baldev bai kashe kowa ba, amma in ya zaro ido, da Mogambo da Thakral duk suna tsaye a bayansa.

Wata rana a situdiyo muna ɗora murya a kan sin ɗin tashar jirgin ƙasa, yaron da ke yin muryar Baldev, mai baiwa ne ƙwarai, ya cire abin kunne ya ce, “Baba, nan fa ya yi shiru da yawa. In ɗan sa masa wata magana? Kada a ce sauti ne ya ɗauke.” Na ce, “Mayar da shi baya, ɗana, ka kalli hannunsa.” Aka mayar. Yana riƙe da wuyan hannun 'yarsa Kajol, jirgi ya fara tafiya, ya dubi saurayinta Shah Rukh a ƙofar tarago jina-jina, sai yatsun suka saki tun bakin bai ce komai ba. Muka bar masa shirunsa. Ba kullum ake samun haka ba, domin 'yan kasuwa sun fi son a cika ko'ina da barkwanci, kuma yawancin masu yin muryarsa kumbura maƙogwaro kawai suke yi.

Shekaru biyu da suka biyo bayan Dilwale ya yi iyaye biyu da suka kawo masa kambu. A Ghatak na 1996 tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yanci ne daga Banaras, ciwon daji na cin maƙogwaronsa, ya zo Bombay neman magani ya tarar unguwa guda ta durƙusa wa ɗan daba, Danny Denzongpa, wanda har ya ɗaura wa tsohon igiyar kare a wuya. Rajkumar Santoshi, wanda ya ba shi mugun Balwant Rai a Ghayal, shi ne ya ba shi wannan, kuma a duka biyun Sunny Deol ne a gabansa. A Virasat na 1997 ya taka sawun Sivaji Ganesan, wanda ya yi fitowar a Thevar Magan na harshen Tamil, basaraken ƙauye da ɗansa ya dawo daga Landan da budurwa da shirin buɗe gidajen abinci. Tun tsakiyar fim ya mutu, sauran labarin kuma na yadda ɗan, Anil Kapoor, ya zauna a gurbinsa ne. A shekarar ya fito a Chachi 420, surukin da ya faɗa son tsohuwar mai raino bai san tsohon mijin 'yarsa ba ne, Kamal Haasan, ya sa zane. Bai yi ƙoƙarin ba da dariya ba ko sau ɗaya, da gaske yake soyayyarsa, abin dariyar ke nan.

Akwai wani lissafi da ke ba ni mamaki har yau. Filmfare ta ƙirƙiro kambun gwarzon mugu a 1992, an sha sa sunan Amrish a takara, bai taɓa ci ba. Uku da ya ci duk na mataimakin jarumi ne: Meri Jung, Ghatak, Virasat. Jerin waɗanda suka ci kambun mugun shi ke nuna inda sana'ar ta dosa: Shah Rukh Khan, Kajol, Akshay Kumar, Ajay Devgn, Priyanka Chopra. Tun daga Baazigar da Darr na 1993 jarumai suka gane akwai romo a mugunta, suka karɓe ta, bos mai zaman kansa ya fara rasa aiki. Amrish ya tsira domin yana da wata ƙofar.

Mu ma a nan mun kwaikwayi Indiya a waƙa da rawa da soyayyar mutum uku, amma wannan ba mu ɗauko ba. Dattawan fim ɗinmu, in ka cire kaɗan, sin biyu ake rubuta musu: a falo suna cewa sun yanke hukunci, sai a ƙarshe suna cewa sun yafe. Gwanaye kam muna da su. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya yi Gaga a Cock Crow at Dawn ya kuma yi Karambana da Magana Jari Ce, ya isa shaida. Marubuta ne ba sa ba uba dalilinsa.

Babban bos ɗinsa na ƙarshe da ya girgiza kasuwa shi ne Ashraf Ali na Gadar, a 2001, ɗan siyasar Lahore da 'yarsa ta auri Tara Singh, direban babbar mota ɗan Sikh, a hargitsin 1947. Fim ne da ya zana Pakistan da baƙin fenti, da yawa cikin masu kallonmu sun ji zafinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya hana Ashraf Ali zama zanen banza shi ne Amrish ya haɗa rabinsa biyu a mutum ɗaya, mai iko da ba a musa masa da uban da ya ɗauka 'yarsa ta mutu sai ga ta da rai a hannun abokan gaba. Ya mutu ranar 12 ga Janairu 2005 a Mumbai yana da shekara 72, yana cikin aiki. Kisna na Subhash Ghai ya fito kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa. Da darakta Anil Sharma ya zo yin kashi na biyu na Gadar a 2023, bai nemi wanda zai gaji Ashraf Ali ba. Tun farkon labari aka kashe shi, aka ƙirƙiro wani janar ɗin soja, Manish Wadhwa, ya riƙe gurbin. Janar ɗin yana da ihu da sojoji da tankoki, amma ba shi da 'ya a gidan Tara Singh, don haka babu abin da zai sa hannunsa ya yi nauyi kafin ya harba.